Yarinyar Da Aka Laƙaba Wa Sunan Fatalwa: Labarin Zane Daga Ƙasar Japan

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan magana takan yi daidai a wurare da yawa, amma akwai wata mata a ƙasar Japan, sunanta Karuho Shiina, wadda ta shafe shekara 12 tana zana labarin wata yarinya 'yar makaranta da fuskarta ke ba mutane amsar da ba ita ce a zuciyarta ba. Yarinyar nan tana son jama'a kamar ranta, su kuwa jama'a da sun hango ta sai su canja hanya. In ta yi murmushi a ce mugunta take ƙullawa, in ta yi shiru a ce da fatalwa take zance.

Sunan labarin Kimi ni Todoke, ma'anarsa kuwa kusan a ce "bari ya isa gare ka", watau fatan mai magana ne cewa abin da ke ransa ya kai ga wanda yake nufi. An fara buga shi a shekara ta 2005 a cikin wata mujallar 'yan mata mai fitowa wata-wata da ake kira Bessatsu Margaret, ta kamfanin ɗab'i na Shueisha da ke birnin Tokiyo, aka kammala shi a ƙarshen shekara ta 2017. Da aka tattara shi ya cika littattafai 30, kuma kwafen da aka buga sun haura miliyan 30. A cikinsa babu yaƙi, babu kisan kai, babu sarauta ko dukiyar gado da ake rigima a kai. Babban abin da ke faruwa a wani babin shi ne yarinya ta iya buɗe baki ta gai da 'yan ajinsu da safe. To, mene ne ya sa miliyoyin mutane suka bi irin wannan labari har tsawon waɗannan shekaru?

MECE CE MANGA?

Kafin mu shiga cikin labarin, ya kamata mai karatu ya san irin littafin da ake magana a kansa. Manga ita ce kalmar da Japanawa ke kiran labarin da ake bayarwa ta hanyar zane, hoto na bin hoto a cikin 'yan akwatuna, maganar kowane mutum kuma tana rubuce cikin wani ɗan kewaye kusa da bakinsa. Galibi da baƙi da fari ake zana su, kuma daga dama zuwa hagu ake karanta su, kamar yadda mai karatun ajami ya saba. Da farko akan buga su kashi-kashi a cikin manyan mujallu masu arhar takarda, in kason ya taru sai a ɗinke shi ya zama littafi mai shafi kamar 200.

Wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan sana'a a zamanin nan shi ne Osamu Tezuka, wanda ya rayu daga 1928 zuwa 1989. A shekara ta 1953 ya fara wani labari domin 'yan mata mai suna Ribon no Kishi, na wata gimbiya da aka rene ta a matsayin ɗa namiji. A wancan lokaci maza ne suka fi yawa cikin masu zana wa 'yan mata labari. Sai a cikin shekarun 1970 ne wasu matasan mata, irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya da Riyoko Ikeda, suka karɓe fagen, suka zo da sabuwar dabara. Maimakon zane ya tsaya ga abin da mutum ya aikata, sai ya riƙa nuna abin da ke gudana cikin ransa. Sukan bar shafi kusan fari fat, sai 'yan kalmomin tunani suna yawo a cikinsa, ko kuwa su cika shi da idanu biyu kurum. Wannan reshe na manga shi ake kira shojo, watau na 'yan mata, kuma a cikinsa Karuho Shiina ta tashi. An haife ta a shekara ta 1975 a tsibirin Hokkaido, can ƙuryar arewacin Japan inda dusar ƙanƙara kan rufe ƙasa na watanni, kuma a wani ƙaramin gari na wannan tsibiri ta ajiye labarin nata.

Sai kuma tsarin makaranta, domin sai da shi za a gane nauyin abin da ya sami yarinyar. Yaro a Japan yakan yi shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, shekarar karatu kuma a watan Afrilu take farawa. 'Yan aji ɗaya sukan wuni ne a ɗaki guda, malamai ke zagayowa wurinsu. A nan suke cin abincin rana, su ne kuma ke share ajin da kansu bayan an tashi. Saboda haka aji tamkar ƙaramin gari ne, kuma duk wanda aji ya juya wa baya ba shi da wurin gudu har shekara ta ƙare.

SUNA LINZAMI

Tauraruwar labarin ita ce Sawako Kuronuma, 'yar shekara 15, ɗalibar aji ɗaya a babbar sakandaren Kitahoro. Tana da dogon baƙin gashi miƙaƙƙe, ga ta fara sol, ga ta da nauyin baki, in kuwa kunya ta kama ta sai fuskarta ta daskare kamar ta mai fushi. Wannan kama ita ta jawo mata abin da ya same ta, kuma dalilin yana komawa ne ga wani labari dabam.

A shekara ta 1991 wani marubuci mai suna Koji Suzuki ya fitar da littafin ban tsoro da ake kira Ringu, aka mai da shi fim a shekara ta 1998. A cikin fim ɗin akwai fatalwar wata mata, Sadako, wadda aka jefa a rijiya, take fitowa ta cikin akwatin telebijin sanye da farar riga, dogon baƙin gashi ya rufe mata fuska, kuma duk wanda ya kalli wani kaset nata na bidiyo sai ya mutu bayan kwana 7. Fim ɗin ya yi tashe ƙwarai, har ya zama babu yaron da bai san Sadako ba a Japan. Tsakanin Sawako da Sadako kuwa gaɓa guda ce ta bambanta. Tun suna firamare wata 'yar ajinsu ta yi tuntuɓen harshe ta kira ta Sadako, ba da nufin cin fuska ba, sai sunan ya bi ta. Kafin ta kai babbar sakandare, yawancin ɗalibai ba su ma san tana da wani suna ban da wannan ba.

Daga suna sai jita-jita ta biyo baya. Aka ce tana ganin fatalwa, aka ce wanda ya haɗa ido da ita fiye da daƙiƙa 3 masifa za ta same shi, aka ce zama kusa da ita yana jawo rashin sa'a. Babu mai dukanta, babu mai ƙwace mata kaya, kowa dai yana kaucewa ne, in kuwa ta yi wa wani magana sai ya nemi gafara ya ruga. Ita kuma ba ta ɗauki abin da zafi ba. Ta ɗora wa kanta yin alheri guda kowace rana, tana ba furannin makaranta ruwa, tana ɗaukar ayyukan aji da kowa ke gudu, har ma takan ji ba daɗi da ba ta iya kiran fatalwar ba, don gani take ta ba mutane kunya a kan abin da suke tsammani daga gare ta. Wannan shi ne abin dariya a labarin, shi ne kuma abin tausayi. Abin mamaki ma, harafin farko na sunanta na gaskiya a rubutun Japanawa yana nufin abin da ke sanyaya rai, irin iskar safiya.

YARON DA KOWA KE SO

Kishiyar halinta a aji shi ne Shota Kazehaya, yaro mai fara'a da sakin fuska, wanda duk inda ya zauna sai mutane su kewaye shi. Sun fara haɗuwa ne ranar shiga makaranta, sa'ad da hanya ta ɓace masa ita kuma ta nuna masa. Tun daga ranar ya riƙe sunanta na gaskiya, yana gai da ita kamar yadda yake gai da kowa. Ga mai abokai da yawa gaisuwa ba wani abu ba ce, amma ga wadda ta yi shekaru ba a amsa mata sallama, babbar kyauta ce.

Abubuwa biyu ne suka fara fasa ƙawanyar da aka yi mata. Na farko, dab da hutun bazara 'yan aji suka shirya wani wasa da matasan Japan ke yi da dare don gwada jarumtaka, inda ake bin hanya mai duhu wani ya ɓoye yana tsorata masu wucewa. Sawako ce ta ɗauki aikin fatalwar, don dai ta yi wa aji amfani. Kazehaya ya zo ya zauna tare da ita a cikin duhun, saboda haka bai kammala wasan ba. Kashegari 'yan aji suka yanke masa hukuncin raha, wai ya yi mako guda yana saurayin Sadako. Ya ƙi, ya nuna musu cewa mai da yarinya abin horo cin mutunci ne. Na biyu kuwa ranar sauya wurin zama ce, wadda ake yi da ƙuri'a. Kowa na fatan kada ƙuri'a ta kai shi kusa da ita, sai ga Kazehaya ya ɗauko teburinsa ya ajiye a gefenta. Wasu 'yan mata biyu, Ayane Yano da Chizuru Yoshida, su ma suka jawo nasu, abokinsa Ryu Sanada ya cike gurbin da ya rage.

Da a ce marubuciyar ta tsaya nan, da labarin bai wuce na yaro mai farin jini da ya ceci yarinya mai baƙin jini ba, irinsa kuwa ba shi ƙirguwa. Amma sannu a hankali sai ta nuna cewa bambancin nan da ido ke gani bai kai zuci ba. Kazehaya da ake ɗauka ba shi da aibi, ashe yana da kishi da saurin fushi, ga shi yana fama da uba mai tsanani a gida. Shi ma 'yan makaranta sun ɗora masa wata kama da ba tasa ba ce, ta yaron da ba ya ɓata rai. Sawako kuwa da ake ganin ba ta da ƙarfin hali, ita ce ba ta iya ƙarya, ita ce kuma ke sake gwada gaisuwa kowace safiya ko da jiya an guje ta. Abin da ya ja hankalinsa gare ta ke nan. Su biyun duk an yi musu hukunci da fuska, ita aka ƙi ta, shi aka so shi, ba tare da an san ko ɗayansu ba.

ƘAWAYE KAFIN SAURAYI

Abin da ya ɗaga wannan labari sama da takwarorinsa shi ne ya sa ƙawance a gaban soyayya. Babin da masu karatu da yawa suka fi tunawa ba na saurayi da budurwa ba ne, na 'yan matan nan uku ne. Ayane yarinya ce mai ado da kwalliya wadda ake yi wa kallon ta girmi shekarunta. Chizuru kuwa mai ɗabi'ar maza ce, ga ƙarfi ga faɗa, amma abu kaɗan ke sa ta hawaye. Su ma dai kowace akwai abin da ake faɗa a kanta.

Suna cikin sabawa da Sawako sai wata jita-jita ta ɓulla, wai Ayane mai bin maza ce, Chizuru kuma tsohuwar 'yar iskan gari ce, aka kuma ƙara da cewa daga bakin Sawako maganar ta fito. Ita Sawako ba ta ma san da ƙagen ba tukuna. Abin da ya kai kunnenta shi ne zama da ita yana zubar da mutuncin waɗanda ke kusa da ita, don haka sai ta fara janye jiki daga ƙawayen da kuma Kazehaya, wai don ta kāre su. Su kuma suka fassara janyewar da cewa ba ta ɗauke su ƙawaye ba. Kowane ɓangare yana son ɗaya, kowane yana shan wahala, ba don komai ba sai don babu wanda ya buɗe baki ya tambaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa shiru ne ya tsaga bangon.

An warware rikicin ne a banɗakin 'yan mata na makaranta, inda Sawako ta ji wasu ɗalibai suna maimaita ƙagen. Yarinyar da ba ta taɓa kāre kanta ba a cikin shekarun da aka yi ana kiran ta fatalwa, sai ga ta ta tare ƙofa ta dage sai sun janye abin da suka faɗa a kan ƙawayenta, ko da suka ture ta ba ta kauce ba. Ayane da Chizuru suka iso suka ji da kunnensu. A nan ne su ukun suka fara kiran abin da ke tsakaninsu da sunansa.

Daga baya ta bayyana cewa wadda ta shuka ƙagen ita ce Ume Kurumizawa, da ake kira Kurumi, kyakkyawar yarinya mai daɗin baki da ke son Kazehaya tun suna ƙaramar sakandare. Marubuciyar ba ta jefar da ita a matsayin muguwa ba. Ta bar ta ta faɗa wa yaron abin da ke ranta, ya ba ta haƙuri, ta ɗauki kunyar abin da ta aikata, har a ƙarshe ita da Sawako suka zama abokan karatu, suka shiga jami'a guda a birnin Sapporo da niyyar zama malaman makaranta.

KALMA GUDA, MA'ANA BIYU

Soyayyar Sawako da Kazehaya tafiyar hawainiya ta yi. Sai wajen littafi na 10, a shekararsu ta biyu, lokacin bikin da makarantun Japan ke yi shekara-shekara, sa'an nan suka fahimci juna. Babu iyayen da suka hana, babu wani mai kuɗi da ya shiga tsakani. Abin da ya tsare su yana cikin zukatansu. Ita gani take tun da yake yana kyautata wa kowa, to kulawar da yake mata ma tausayi ne irin na mai kirki, kuma wace ce ita da za ta sa rai da fiye da haka? Shi kuma gani yake girmamawa kurum take masa, irin wadda ake yi wa wanda ya yi maka rana. A ranar 14 ga Fabrairu, wadda a al'adar Japan 'yan mata ne ke ba samari cakulan, ta raba wa mutane nasu amma ta kasa miƙa masa nasa, shi kuwa ya ɗauka an ware shi ne.

Har harshe ma ya taya su ruɗewa. Kalmar suki a Japananci, kamar kalmar so a Hausa, da ita ake son abinci, da ita ake son aboki, da ita kuma ake son masoyi. Sun furta wa juna ita, amma kowane ya koma gida yana zaton ɗan'uwansa ƙaramar ma'anar yake nufi. Ƙawayenta ne suka farkar da ita, har Chizuru ta yi fushi da ita, ta nuna mata cewa wannan raina kai da take yi yana ɓata wa masu ƙaunarta rai, domin tamkar tana ƙaryata su ne. Darasin da ke nan babba ne: wanda aka daɗe ana gudu yakan saba da gudun, har ya zama ko an buɗe masa ƙofa shi ne zai tsaya a waje.

Akwai kuma batun kiran suna. Japanawa da sunan iyali suke kiran juna, sai wanda aka shaƙu da shi ƙwarai ake kira da sunansa na yanka. Don haka ranar da Sawako ta fara kiran ƙawayenta Ayane da Chizu maimakon Yano da Yoshida, da ranar da Kazehaya ya bar Kuronuma ya ce Sawako, manyan ranaku ne a labarin.

Bayan sun fahimci juna labarin bai ƙare ba, sauran littattafai 20 suka bi su har ranar kammala makaranta. Aka ga yadda Chizuru ta haƙura da yayan Ryu da ta daɗe tana so bayan ya auri wata, aka ga Ayane tana neman sanin abin da ita kanta take so har ta zaɓi tafiya jami'a a Tokiyo, aka ga Kazehaya ya zauna da mahaifinsa sun yi magana ta gaskiya. Sawako ta tafi Sapporo, shi kuma ya zauna ya yi karatu kusa da gida, ba wanda ya nemi ɗan'uwansa ya jefar da burinsa saboda shi.

ABIN DA KE BAYAN ZANEN

Ba a banza wannan labari ya taɓa zukatan Japanawa ba. Cin zalin ɗalibi a makaranta, wanda suke kira ijime, tsohon ciwo ne a ƙasar, kuma ɗaya daga cikin nau'o'insa da aka fi sani shi ne irin wanda aka yi wa Sawako, watau aji gaba ɗaya ya yi kamar mutum ba ya nan. Japanawa suna da wata magana da ake fassarawa da karanta iska, ma'ana mutum ya gane abin da taro ke so ba tare da an faɗa masa ba, ya bi. Wajen shekara ta 2007 har wani laƙabi na haruffa biyu, KY, ya yi tashe a bakin matasa don zolayar wanda bai iya wannan karatu ba. A ajin da kowa ke karanta iska, ko wanda ba ya ƙin yarinyar sai ya guje ta, don kada shi ma a guje shi.

A watan Oktoba na shekara ta 2011, lokacin ana tsakiyar buga labarin, wani yaro ɗan shekara 13 a birnin Otsu ya kashe kansa bayan cin zalin da 'yan ajinsu suka riƙa yi masa. Yadda hukumomin ilimi na garin suka yi jinkirin amsa gaskiyar lamarin ya harzuƙa jama'ar ƙasar, har a shekara ta 2013 majalisar dokoki ta kafa dokar hana cin zali a makarantu. Dokar ta auna laifin ne da irin zafin da wanda aka yi wa ya ji, ko a jiki ko a zuci, har da wanda aka yi ta hanyar intanet, ta kuma wajabta wa makarantu su bincika su kai rahoton manyan lamura. A shekarar karatu ta 2023 lamuran da makarantun ƙasar suka kai rahoto sun haura 700,000, ko da yake wani ɓangare na yawan ya samo asali ne daga yadda malamai suka ƙara sa ido suna rubuta har ƙananan abubuwa.

MASU YABO DA MASU SUKA

Labarin ya sami lambar yabo ta kamfanin Kodansha a fannin manga ta 'yan mata a shekara ta 2008. Kamfanin Production I.G ya mai da shi zane mai motsi na telebijin, kashi na farko a 2009, na biyu a 2011, na uku kuma ya fito a Netflix a 2024. An yi fim ɗinsa da 'yan wasa na zahiri a 2010, aka sake yin wani mai dogon zango a 2023, an kuma fassara littattafan zuwa Turanci da wasu harsuna.

Ba shi ne farkon labarin masu kishiyar hali a makaranta ba, ba kuma shi ne na ƙarshe ba. A wannan mujalla dai Kaoru Tada ta fara Itazura na Kiss a 1990, na yarinya mai rauni a karatu da yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda mutuwarta a 1999 ta hana ta kammalawa. Yoko Kamio ta fara Hana Yori Dango a 1992, na 'yar talaka a makarantar 'ya'yan attajirai. Aya Nakahara ta zo da Lovely Complex a 2001, na doguwar yarinya da gajeren yaro a yankin Osaka. Daga 2022 zuwa 2024 kuma Kocha Agasawa ta zana Seihantai na Kimi to Boku, inda aka juya lamarin: yarinyar ce mai surutu da ke tsoron abin da mutane za su ce, yaron kuwa mai shiru ne da ke faɗin ra'ayinsa kai tsaye. A wasu daga cikin tsofaffin labaran yaron yakan fara ne da wulaƙanta yarinyar kafin ya so ta. Kazehaya bai taɓa yin haka ba, kuma wannan na cikin abin da ya sa iyaye mata da 'ya'yansu suka iya karanta littafin tare.

Masu suka su ma suna da hujja. Wasu sun ce jan labarin ya yi yawa, abin da magana guda za ta warware sai a yi watanni ana kewaye shi. Wasu sun ce Sawako ta cika tsarkin zuciya, alhali kuwa yaron da aka ware shekara da shekaru yakan tashi da ɗaci da rashin yarda da mutane. Mafi nauyin suka ita ce a zahiri ba kowane aji ke da Kazehaya ba, kuma cin zali na gaske ya fi wanda aka zana muni nesa ba kusa ba, kamar yadda lamarin Otsu ya nuna. Haka nan ya kyautu iyaye su sani cewa al'adun da ke ciki na Japanawa ne, kamar bikin Kirsimeti na samari da 'yan mata da ziyarar wurin bauta a daren sabuwar shekara, kuma ba kowace manga ce ta dace da yara ba, domin akwai waɗanda manya kaɗai aka zana wa.

Duk da haka akwai abin da labarin ya kama wanda ya wuce Japan. Laƙabin da ya rufe sunan yarinyar nan da wasa ya fara, kuma waɗanda suka riƙa maimaita shi ba miyagu ba ne, yara ne da suka ga kowa na yi su ma suka bi. Abin da ya karya shi ma bai taka kara ya karya ba: yaro guda ya riƙe sunanta na gaskiya, 'yan mata biyu suka jawo teburinsu kusa da nata, ita kuma ta daure ta faɗi abin da ke ranta ko da muryarta na rawa. Malamin da ke kiran sunayen ɗalibai kowace safiya, in ya duba da kyau, zai iya gane wanda kujerun da ke kewaye da shi suka saba zama babu kowa. Uba ko uwa kuma, in sun tambayi yaro yadda ya yi a jarrabawa, ya kyautu su ƙara da tambayar da wa yake zama a aji, da kuma sunan da 'yan ajin suke kiransa da shi.